Shehu Abdulƙadir Ɗan Tafa, malamin da ya binciki asalin rai da halitta

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Madawa zuwa Ƙonni, ya ratsa ƙasar da ta san manyan malamai. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin shekara ta 1754. Malaminsa kuma, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a ƙasar Madawa ya yi wafati, nan ne makwancinsa yake. Waɗannan biyu babu wanda bai ji sunansu ba. Yau kuwa za mu kawo wa masu karatu tarihin wani jikan Shehu, wanda masana suke ƙirgawa cikin masu zurfin tunani na ƙasar Hausa, wato Shehu Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. Shi ne ya zauna ya yi rubutu a kan tambayoyin da ke hana mai hankali barci: mene ne rai, da me aka gina duniya, daga ina mafarki yake zuwa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a shekara ta 1804, shekarar da jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Ke nan ya buɗe ido cikin ƙaura da yaƙi. Mahaifinsa, Malam Mustafa, wanda ake kira Malam Tafa, yana cikin magatakardan Shehu. Mahaifiyarsa Nana Hadiza ɗiyar Shehu ce, malama mai rubutu da Fulatanci. A hannun iyayen nan biyu ya fara karatu, ya sha Alƙur'ani, fiƙihu, nahawu da tauhidi tun yana ƙarami.

Da ya kai shekara 15 sai ya kama ƙafar kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu, mutum mai gudun duniya, wanda bai nemi sarauta ba. Wurinsa ya shiga hanyar sufaye, ya zauna ƙarƙashin tarbiyyarsa har Sambo ya rasu a 1826. Ban da ilmin addini, ya karanta fannonin da malamai ke kira ilmin mutanen farko, waɗanda Larabawa suka gada daga Yunanawa suka ƙara musu: lissafi, manɗiƙi, taurari, magani da ilmin ɗabi'ar abubuwa. A wata waƙarsa mai suna Shukrul Wahib ya jera ilmoman da ya samu, ya kasa su kashi shida.

Yana da wajen shekara 20 ya rubuta Raudatul Afkar, littafin tarihi wanda ya tattara labarin sarakunan Gobir da yaƙe-yaƙensu da maƙwabta. Har yanzu masu binciken tarihin Gobir da Adar suna komawa gare shi. Wani Baturen Ingila, Palmer, ya juya shi da Ingilishi a 1916, amma ya ɗauka na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Daga baya masana suka mayar wa mai littafi haƙƙinsa.

Manyan tambayoyi

Bai kai shekara 30 ba ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya. Cikin wannan littafi ya ɗauko ra'ayoyin masu cewa babu komai sai abin da ido ke gani, da na masu mayar da kowane abu ga ɗabi'a, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi magana a kan ko ruhu yana nan ko babu shi, a kan ƙarewar duniya, da yanayin falakai da taurari ke yawo cikinsu. Abin lura shi ne, sai da ya shimfiɗa hujjar abokin gardama kafin ya ba ta amsa.

Domin a gane irin tunaninsa, sai a san yadda masanan wancan zamani suke kallon duniya. A wurinsu, duk abin da ke ƙarƙashin wata an haɗa shi ne da abu huɗu: wuta, iska, ruwa da ƙasa, masu ɗabi'ar zafi, sanyi, danshi da bushewa. Bayan waɗannan kuma akwai wani asali da suke kira hayula, wanda ba shi da siffa amma yana karɓar kowace siffa. Misalinsa yumɓu ne a hannun maginiya: yau tulu, gobe kasko, yumɓun dai shi ne. Ɗan Tafa ya yi wata gajeriyar waƙa mai nauyi, Kulliyatul Alamis Sitta, inda ya bi jiki da rai da ruhu daga mafarinsu zuwa makomarsu, ya kuma yi bayanin wannan hayula.

Ya rubuta wata muƙaddima a kan ilmin mafarki da fassararsa. Malaman Musulunci sun daɗe da raba mafarki: akwai na gaskiya, akwai zancen zuci, akwai na ruɗin Shaiɗan, masu magani kuma suka ƙara wanda ke tasowa daga halin jiki. Shi ya dubi al'amarin ta fuskar jiki da ta fuskar ruhu gaba ɗaya. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan bincike babba ce. Idan ido na rufe, kunne bai ji, wane ne ke gani cikin barci?

Akwai kuma tambayar ƙaddara da zaɓi, wadda ta dami malaman gidansu tun kafin a haife shi. Makarantar tauhidin da suka bi, ta Imamu Ash'ari, tana koyar da cewa Allah ne ke halittar aiki, bawa kuwa shi ke tsiwirwirinsa, saboda haka ake tambayarsa a kansa. Amma ina iyakar nauyin da ke kan bawa? Malam Jibrilu ya tsananta, har ya fitar da mai babban zunubi daga Musulunci. Shehu Usmanu, duk da girmama malaminsa, bai yarda da wannan hukunci ba, ya kuma rubuta dalilinsa. Cikin gidan da ɗalibi ke iya saɓa wa malaminsa da hujja da ladabi Ɗan Tafa ya tashi.

Alkawuran da ya ɗaukar wa kansa

Da ya haura shekara 50 sai ya rubuta Uhud wa Mawasiƙ, jerin alkawuran da ya ɗaura wa kansa. Biyu daga ciki sun nuna ko shi wane ne. Na farko, ya yi alkawarin gina imaninsa a kan ayoyin Alƙur'ani, domin a ganinsa hujjar hankali tana iya kai mutum ga sanin akwai Mahalicci, amma ba ta isa ta bayyana siffofinsa. Na biyu, ya yi alkawarin ba zai kira jama'a zuwa ga ilmin falsafa da na ɗabi'a da ya koya ba, ko da yake shi ya karɓe su ta hanya ingantacciya, ya tace kurakuran da ke ciki. Ya ji tsoron kada wanda bai ƙoshi da karatu ba ya ruɗe. Wannan taka-tsantsan ya tsare shi daga fitina, amma ya sa littattafansa masu zurfi suka tsaya hannun mutane kaɗan.

Mahaifinsa ya kafa makaranta a Salame, arewa da Sakkwato, shi kuma ya gaje ta. A 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sadu da shi a Wurno, fadar Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Barth ya rubuta cewa a cikin mutanen Sakkwato na lokacin bai ga wanda ya kai shi ilmi ba, ya kuma ƙaru da shi a kan tarihin daular Songai. Ɗan Tafa ya ci gaba da karantarwa da rubutu har Allah ya karɓi ransa a 1864, yana da shekara 60.

Bayan rasuwarsa masifa ta auka wa gadonsa. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, wanda ya yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu na 1899, shi ne masana tarihi suka ce ya ƙone Salame. Littattafai da yawa sun salwanta. Abin da ya tsira yana warwatse a gidajen malamai da ɗakunan ajiyar takardu.

Ina aka kwana yau?

Wani ɓangare na ilmin da ya gada ya tsufa. Yanzu an san sinadarai 118 a maimakon huɗu, an kuma tabbatar ƙasa ce ke kewaya rana. Sauran tambayoyin kuwa suna nan. A 1814, Ɗan Tafa yana ɗan shekara 10, masanin Faransa Laplace ya rubuta cewa hankalin da ya san mazaunin kowace ƙwayar halitta da ƙarfin da ke motsa ta zai san duk abin da zai faru. A 1927 Bajamushe Heisenberg ya nuna ba a iya sanin mazaunin ƙwayar zarra da gudunta daidai a lokaci guda. A 1953 masu bincike a Chicago ta Amurka suka gano wani matakin barci da ido ke motsi da sauri, wanda yawancin mafarki mai ƙarfi ke zuwa cikinsa. A 1983 Benjamin Libet ya auna motsin ƙwaƙwalwa, ya ga tana fara shiri kafin mutum ya ji ya yanke shawarar motsa hannu, masana kuma suna ta gardama a kan ma'anar wannan. Duk da na'urorin zamani, yadda tsokar ƙwaƙwalwa ke haifar da ji da sani bai warwaru ba.

Saboda haka ɗan Buza ko na Keita da ya kwanta a tsakar gida da rani, ya dubi taurari yana tambayar kansa, ya sani wani malami na wannan yanki ya riga shi, ya kuma bar rubutu. A Yamai, sashen tsofaffin littattafai na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni yana ajiye da dubban takardun Larabci da ajami. Wasu kuwa suna nan cikin gafaka da akwatuna a garuruwanmu, gara da ruwan sama suna cin su. Wanda ya gaji irin waɗannan takardu, ya kula da su, ya nuna wa masana. Allah ya jiƙan Shehu Abdulƙadir Ɗan Tafa, ya sa aljanna ce makomarsa.