Michael Faraday: Ɗan Maƙeri a Kan Sarki

A shekarar 1991 gidan waya na ƙasar Ingila ya fitar da kan sarki domin tunawa da Michael Faraday, shekara 200 bayan haihuwarsa. Duk wanda ya taɓa tayar da janareta a Tambuwal ko Kebbe ya ci moriyar aikin wannan mutum.

An haife shi ranar 22 ga Satumba 1791 kusa da birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne, talaka, saboda haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Littafin da aka kawo masa ɗinki, sai ya karanta shi tukuna. A 1812 ya saurari laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi guda, ya aika masa. Shekara ta zagayo, Davy ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji.

A 1821 Faraday ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa kewaya mayen ƙarfe. Wannan shi ne mafarin injin da lantarki ke juyawa. A 1831 kuma ya gano cewa idan aka motsa mayen ƙarfe cikin waya da aka nannaɗe, lantarki yakan gudana a wayar. Da wannan dabara janareta ke aiki, ƙarami na shago ko manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji: wani abu ya juya, wuta ta fito.

Duk da ɗaukakar da ya samu, bai bar ƙaramar ikkilisiyarsu ba, har ya zama dattijo a cikinta. Sau biyu aka nemi ya shugabanci babbar ƙungiyar masanan Ingila, ya ƙi. Da gwamnati ta nemi taimakonsa wajen haɗa guba domin yaƙin Kirimiya, nan ma ya ƙi. Abin da ya ƙaunata shi ne koya wa yara kimiyya lokacin Kirsimeti. Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867.

'Yan'uwa ɗalibai, wasunmu 'ya'yan manoma ne, wasu na maƙera. Kada talaucin gida ya sa mu raina littafin da ke hannunmu. In kuwa Allah ya ba mu sani, mu san abin da za mu ƙi yi da shi.