Tarihin Colin Chapman, Baturen Da Ya Koya Wa Mota Shan Kwana

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Sakkwato zuwa Gusau, ko ya bi hanyar Illela, ya san abin da kan faru in direba ya zo kwana da gudu. Sai mota ta karkata gefe guda, fasinja su danne juna, kayan da aka labta a bisa su rinjaya, har wani sa'i ƙafafun ɗaya gefen su nemi barin ƙasa. In an yi sa'a ta koma daidai, in kuwa da ƙarar kwana ta kife. To, yau za mu ba masu karatu tarihin wani mutumin Ingila wanda ya ƙare zamaninsa wajen neman maganin wannan karkata. Ya sami suna ƙwarai ta wannan hanya, amma sunan bai zo masa ba tare da tabo ba.

Asalinsa

An haifi Anthony Colin Bruce Chapman ran 19 ga watan Mayu, 1928, a Richmond, kusa da London. Ubansa mai otel ne a unguwar Hornsey, can ya tashi. Ya koyi aikin injiniya a University College ta London, ya kuma koyi tuƙin jirgin sama tun yana ɗalibi. Ya yi ɗan zama cikin sojan sama na Ingila, sa'an nan ya kama aiki a kamfanin British Aluminium, masu sana'ar ƙarfen nan mara nauyi da a ke ƙera jirgin sama da shi. Daga waɗannan wurare biyu ya ɗauko aƙidar da bai taɓa saki ba, watau nauyi shi ne babban abokin gaban abin hawa.

Yana makaranta ya taɓa dillancin tsofaffin motoci. Cikin 1947 Gwamnati ta soke rabon fetur da ta ke ba masu motocin kansu, ciniki ya mutu, aka bar shi da wata tsohuwar Austin 7 ƙirar 1930 wadda ba mai so. Maimakon ya zubar, sai ya kai ta garejin iyayen Hazel Williams, yarinyar da ya ke nema, ya warware ta sarai. Ya ƙarfafa shasinta, ya yi mata sabon bodi mara nauyi. Ya lura kuma sifirin na baya lanƙwasasshe ne, in mota ta karkata sai ya karkatar da ƙafafun baya, ta juya fiye da yadda direba ya nufa. Sai ya miƙe sifirin ɗin. Cikin 1948 ya shiga gasa da ita, ya sa mata suna Lotus. A 1952 ya kafa kamfaninsa a wani tsohon bargan dawaki bayan otel ɗin ubansa, Hazel ta ranta masa fam 25. Suka yi aure a 1954.

Dabararsa

Don a gane aikinsa sai an san dalilin karkata. In mota ta shiga kwana, nauyinta so ya ke ya miƙe, tayoyi kuwa suna jan ta su juya. Sabo da haka nauyi ya kan taru kan ƙafafun waje, sifirinsu ya danne, na ciki ya saki. Abu uku ne ke ƙayyade yawan nauyin da ke ƙaura haka: nauyin motar kanta, da tsawon inda nauyin ya taru daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu. Masu fatauci da raƙuma ba su bukatar a gaya musu wannan, gama sun san kayan da aka tula sama su ne ke fara zamewa.

Kafin Chapman, yawancin masu motar tsere suna sa sifirin mai tauri ƙwarai don hana karkata. Lalle karkata ta kan ragu, amma da an hau gargada sai tayoyi su riƙa tsalle, taya kuwa in tana iska ba ta riƙe kome. Shi sai ya juya al'amarin. Ya ga shasi ne ya kamata ya yi tauri yadda ba ya murɗewa, sifirin ya yi taushi don taya ta bi ƙasa, a sa shakazoba mai ƙarfi ta hana lilo, a rage nauyi, abin da ya rage kuma a saukar da shi ƙasa. Shasin motarsa ta shida, wadda ya fito da ita a 1952, da siraran bututun ƙarfe aka haɗa shi, nauyinsa laba 55 kacal, watau wajen kilo 25.

Sauran karkatar kuwa da sandar hana karkata a ke tare ta. Wannan sanda ce ta ƙarfe da aka gitta ƙarƙashin mota, bakinta ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu. In ƙafafun biyu sun hau tudu tare, ba ruwanta. Amma in ɗaya ta danne ɗaya ta saki, sai sandar ta murɗe, ta yi gardama, ta tallafe bodi. Ba shi ya ƙago ta ba, amma ya san yadda a ke mora ta. A motarsa Lotus Seven ta 1957 sandar nan aiki biyu ta ke yi, tana hana karkata, tana kuma riƙe da ƙafar gaba, don kada a ƙara wani ƙarfe. Sai dai tana da sharaɗi. In ta gaba ta cika kauri, mota ta kan ƙi juyawa, ta miƙe daji. In ta baya ce ta cika kauri, ƙugun mota ya kan fizge ya riga gabanta. Gwaninta ita ce daidaita su.

A 1963 kamfanin Ford suka ba shi motarsu Cortina, motar iyali, ya gyara ta don tsere. Ya sa mata injinsa, ya rage tsawonta daga ƙasa, ya sauya ƙofofi da marasa nauyi, ya cire sifirin mai falle na baya ya sa mai naɗi. Jim Clark, wani manomi ɗan ƙasar Scotland, ya ci gasar irin waɗannan motoci ta Ingila da ita a 1964, ya kan sha kwana ƙafar gaba guda tana sama. Duk da haka gyaran na baya ya yi ta ba da wahala, kusoshi suna kwancewa, mai yana tsiyaya, har a 1965 aka koma ga sifirin mai falle. Ashe ko gwani in ya taɓa wuri guda a mota, wani wurin ya kan amsa.

Nasara Da Hasara

A babban tseren duniya, wanda a ke kira Formula One, ya fito da Lotus 25 a 1962, wadda aka ƙera jikinta kamar kwale-kwale maimakon bututu. Da ita Clark ya ci tsere 7 cikin 10 a 1963. A 1965 ya sake zama zakara, ya kuma ci tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka. Daga 1963 zuwa 1978 Lotus ta ɗauki kambin maƙera sau 7, na direbobi sau 6.

Amma fa ba a nan labarin ya tsaya ba. Mutane da yawa sun zarge shi da cewa neman sauƙin nauyi ya sa motocinsa ba su da ƙwari. Clark ya mutu cikin Lotus a Hockenheim ta Jamus ran 7 ga Afrilu, 1968, abin da ya girgiza Chapman matuƙa. A 1969 fukafukan da aka kafa wa motocinsa biyu suka karye a Barcelona, Graham Hill da Jochen Rindt suka tsira da ƙyar, har Rindt ya rubuta masa takarda yana roƙo a ƙara wa motocin ƙarfi. Ran 5 ga Satumba, 1970, Rindt ya mutu a Monza ta Italiya, aka ba shi kambin shekarar bayan ransa. An kai Chapman ƙara a Italiya, kotu ta wanke shi a 1976.

Tabo na biyu na kuɗi ne. Gwamnatin Ingila ta zuba dukiya mai yawa a masana'antar motar DeLorean a Belfast, Lotus ce kuwa aka ba aikin tsara motar. Daga baya aka gano an karkatar da miliyoyi. A 1992 aka ɗaure Fred Bushell, mai riƙe da lissafin Lotus, shekara 3, alƙalin kuma ya nuna da Chapman na da rai da ɗaurinsa bai kasa shekara 10 ba.

Ƙarshensa

Ciwon zuciya ya kashe shi ran 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54. A lokacin ma'aikatansa suna cikin gwajin wata dabara, inda kwamfuta da ƙarfin mai ke riƙe mota daidai a kwana maimakon sifirin. Da irinta Ayrton Senna ya ci tsere biyu a 1987.

Abin da za mu ɗauka cikin tarihin nan bai tsaya ga masu tsere ba. Malamin da ya sayi tsohuwar mota ya kai wa bakanike a ƙara mata fallen sifirin don ta ɗauki kaya, ya sani tauri kaɗai ba ya hana kifewa. Ya duba shakazoba da iskar taya, ya sa kaya masu nauyi a ƙasa ba bisa rufi ba, kada kuma ya ƙarfafa baya ya mance gaba. Chapman ya nuna yadda a ke sa mota ta riƙe ƙasa, mutuwar direbobinsa kuwa ta nuna kowace dabara tana da iyaka. Wanda ya rage gudu kafin kwana ya riga ya yi rabin gyaran.