Oskar Barnack, injiniyan da ya sa kyamara ta shiga aljihu

An haifi Oskar Barnack a Jamus a 1879. Ciwon asma ya sa manyan kyamarorin zamaninsa suka yi masa nauyi, don haka ya ƙera ƙarama a kamfanin Leitz da ke Wetzlar. A 1925 ta shiga kasuwa da sunan Leica, ta zama abokiyar tafiyar 'yan jarida. Sai dai tagar leƙenta da gilashin milimita 50 kaɗai ta dace. In aka sauya gilashi, iyakar da ido ya gani takan saɓa wa wadda hoto ya ɗauka. Barnack ya rasu a 1936. Sai a 1954 Leica M3 ta zo da layuka cikin tagar, masu sauyawa da kansu bisa gilashin 50, 90 ko 135.