Ejen Budan, Sarkin Zanen Sararin Samaniya

Yau za mu kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Faransa, Ejen Budan (Eugène Boudin), wanda ya ƙare rayuwarsa yana zana bakin teku da gizagizai.

An haife shi ran 12 ga watan Yuli na shekarar 1824 a Onfler, wani ƙaramin garin masunta a yankin Normandi. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne, ba mai hali ba. Tun yana yaro ya yi aiki cikin jirgin da ke kai da kawowa tsakanin Onfler da birnin Lahabar, inda iyayensa suka koma da zama a 1835. Da ya kai shekara ashirin, sai ya buɗe kantin takardu da katakon rataye hotuna shi da wani abokin ciniki. A nan ya san masu zane irin su Mile, waɗanda suka ga aikin hannunsa, suka ƙarfafa masa gwiwa.

Yana da shekara 22 ya bar kanti ya rungumi zane. Wannan kasada ce babba, domin ya saki abin da ke ciyar da shi, ya kama sana'ar da ba ta da tabbas. A 1851 hukumar birnin Lahabar ta ba shi tallafin shekara uku don ya ƙaro ilimi a Pari. Duk da haka ya daɗe yana fama da talauci, saboda masu saye sun fi son hotunan da aka gama a cikin ɗaki, shi kuwa ya nace sai ya fita fili ya dubi abu da idonsa.

Babban makaminsa a wannan aiki shi ne fastel, wato alli mai launi, wanda ake yi da garin launi a haɗa shi da ƙaro. Fenti na mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, hadari kuwa ba ya jiran kowa. Da alli, mutum na iya kama kamannin girgije kafin iska ta watsa shi. Budan yakan rubuta rana da sa'a da irin iskar da ke kaɗawa a gefen takarda. A 1859 marubucin nan Bodler ya ga waɗannan zane-zane, ya yaba su a rubuce, kuma a shekarar ce aka fara karɓar aikinsa a babban baje kolin Pari. Mai zane Koro shi ya laƙaba masa sarautar sararin samaniya.

Wani alherinsa shi ne yadda ya jawo wani saurayin Lahabar, Kulod Mone, ya fitar da shi daga zanen barkwanci zuwa zane a fili. Mone ya zama jagoran wani sabon salo, kuma Budan ya shiga baje kolinsu na farko a 1874. Daraja ta zo masa da furfura: lambar zinariya a 1889, shekarar da matarsa ta rasu, sannan lambar girma ta ƙasa a 1892. Ya rasu a Dobil, a bakin tekun da ya ƙaunata, ran 8 ga Agusta na 1898, ya bar dubban zane-zane. A yau akwai gidan tarihi mai sunansa a Onfler.

Mu a Maraɗi ba mu da teku, amma muna da Gulbi idan ya kawo ruwa, da fadamun Jiratawa, da tafkin Madarunfa, da hadarin da ke haɗuwa bisa Tibiri da damina. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka koma tudu. Matasa da yawa sai a bakin tsofaffi suke jin kamanninsa. Abin da ba a zana ba, ba a rubuta ba, yakan tafi tare da masu shi. Saboda haka, idan malami ko mahaifi ya ga yaro yana zane da alli a jikin allo ko bango, kada ya yi saurin kwaɓarsa. Ya ba shi takarda.