Isaya Mukirania: Malamin Makarantar da Ya Tsaya wa Al'ummar Konjo da Harshenta

Isaya Mukirania malamin firamare ne ɗan ƙabilar Konjo, waɗanda ke kiran kansu Bakonzo, mazauna gangaren tsaunukan Rwenzori a yammacin Yuganda. Harshensu, Lhukonzo, ɗan'uwa ne na kusa ga harshen Nande da ake magana da shi a gabashin Kwango.

Ya taso ne a lokacin da yankinsu ke ƙarƙashin masarautar Toro. A 1891 Frederick Lugard, wanda daga baya ya mulki Nijeriya, ya ɗora Kasagama kan gadon sarautar Toro, Turawan Ingila kuma suka sanya Bakonzo da maƙwabtansu Baamba a ƙarƙashinta. Da harshen Rutoro ake koyar da yaransu, kuma Batoro ne ke riƙe da mafi yawan muƙamai. Boren da Bakonzo suka yi tun farko ya ƙare da rataye jagororinsu uku a 1921.

Mukirania ya soma gwagwarmayarsa ne da alƙalami. A shekarun 1950 ya jagoranci wata ƙungiyar binciken tarihin Bakonzo, wadda ta riƙa tattara al'adu da labaran dattawa. Sannu a hankali binciken ya rikiɗe zuwa neman 'yanci, domin ya nuna wa jama'ar cewa suna da tarihi da harshe nasu na kansu.

A watan Maris na 1962, shi da Yeremiya Kawamara da Petero Mupalya suka fice daga majalisar Toro, bayan an ƙi amincewa da buƙatarsu ta daidaita matsayin Bakonzo da Baamba da na Batoro. Daga bisani ya haye tsaunuka, ya ayyana masarautar Rwenzururu, ya ɗauki laƙabin Kibanzanga. A can suka kafa makarantunsu, suna karɓar haraji, yayin da arangama da dakarun gwamnati da na Toro ta ci rayuka masu yawa.

Ya rasu a 1966 ba tare da gwamnati ta amince da masarautarsa ba, ɗansa Charles Mumbere ya gaje shi yana yaro. A 1974 gwamnatin Idi Amin ta cire yankunan Bakonzo da Baamba daga Toro, ta ba su gundumominsu. Mumbere ya ajiye makamai a 1982, sannan a 2009 gwamnatin Yoweri Museveni ta amince da Rwenzururu a matsayin masarautar gargajiya, shekara 43 bayan rasuwar wanda ya kafa ta.