Tarihin Sharif Idrisi, Malamin Birnin Balarmu

Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu al-Idrisi, sharifi ne daga zuriyar Idrisawa sarakunan Magrib. An haife shi a Sabta wajen shekara ta 1100, watau 493 ta Hijira. Ya yi karatu a Kurɗuba, ya kuma yi yawo a Andalus da Magrib tun yana saurayi.

Wajen 1138 Sarki Rujar na Biyu ya kira shi zuwa Balarmu, wadda Turawa ke ce wa Palermo, babban birnin tsibirin Sikiliya a ƙasar Italiya ta yau. Musulmi sun ci birnin nan a 831, Normawa suka karɓe shi a 1072. Rujar Nasara ne, amma ya riƙe marubutan Larabci a fadarsa. Idrisi ya tarar ana gina majami'ar fada, wadda aka keɓe a 1140. Masu sana'ar Rum suka lulluɓe bangonta da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, rufinta kuwa na katako ne, an sassaƙa shi irin na ƙasashen Musulmi, da rubutun Kufi a kewaye. Ginin yana nan har yau, baƙi suna zuwa kallo.

Sarki ya ɗora masa aikin siffanta duniya. Shekara 15 ana tambayar fatake da matuƙan jiragen ruwa labarin garuruwa, da nisan zango, da hajar kowace kasuwa. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kansa a rubuta, wanda suka saɓa a ajiye. Aka zana duniya a faifan azurfa, aka kuma gama littafin Nuzhatul Mushtaƙ a 1154. Ya kasa duniya iƙlimi 7, kowane kashi 10, taswira 70 ke nan, kudu a sama. A ciki ya ambaci Gana da Takrur da Kaukau da Kanem, da cinikin gishiri da zinariya.

A shekarar nan Rujar ya mutu. A 1161 tarzoma ta tashi, aka washe fada, aka kashe Musulmi da yawa. Faifan azurfa ya ɓata, littafi kuwa ya tsira a hannun masu kwafa, har aka buga taƙaitaccensa a birnin Rum a 1592. Masu tarihin malamai na zamaninsa ba su cika ambatonsa ba, wasu na ganin zamansa a fadar Nasara ne sanadi.

Ya rasu wajen 1165. Allah ya jiƙansa, amin.