SHUWANZANG, MALAMIN SIN DA YA BI LITTAFI HAR TUSHENSA

Yau labarinmu na wani shahararren malami ne na ƙasar Sin, Shuwanzang, wanda ya yi tafiyar shekara 16 don ya ƙi yarda da littafin da ba a fassara shi daidai ba. Mai bin addinin Budda ne, addinin da ya fito daga Indiya ya bazu har Sin. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa, himmarsa ce wajen neman ilmi, wadda kowane ma'abucin alƙalami zai ƙaru da jinta.

An haife shi wajen shekarar 602 ta Miladiyya kusa da birnin Loyang. Yana ɗan shekara 13 ya bi wansa ya shiga gidan 'yan zuhudu, watau mutanen da suka bar aure da tara dukiya suka duƙufa ga karatu da ibada. Cikin 622, shekarar Hijira ke nan, aka tabbatar da shi cikakken ɗan zuhudu a birnin Cengdu. Sa'an nan ya shiga yawon karatu, daga wannan malami zuwa wancan.

To, a nan ne abu ya dame shi. Littattafan addinin nan da harsunan Indiya aka rubuta asalinsu, aka yi ɗaruruwan shekaru ana juya su zuwa harshen Sin, hannu dabam dabam. Wani mai fassara ya taƙaita, wani ya tsallake babi, wani ya ba kalma ma'anar da ba tata ba. Malamai sai gardama suke yi, kowa da kwafinsa a hannu. Shuwanzang ya ga ba mai raba gardamar nan sai asalin littafi, asalin kuwa yana Indiya.

Ya nemi iznin tafiya aka hana shi, gama a lokacin hukuma ta rufe iyaka. Cikin 629 sai ya sulale, yana ɓuya da rana yana tafiya da dare. A tsakiyar hamadar Gobi salkarsa ta suɓuce, ruwan ya zube, ya yi kwanaki bai sa ɗigo a bakinsa ba, har dokinsa ya kai shi ga ruwa. Da ya isa Turfan, sarkin garin ya so ya riƙe shi ya zama malamin fada. Shuwanzang ya ƙi cin abinci har kwana 3, sarki ya ga ba makawa, ya sallame shi da guzuri da 'yan rakiya da takardu zuwa ga sarakunan hanya. Ya ƙetare duwatsu masu ƙanƙara inda waɗansu abokan tafiyarsa suka halaka, ya bi ta Samarkand, ya sauka Kashmir ya yi kamar shekara 2 yana karatu.

Daga nan ya nufi Nalanda, cikin jihar Bihar ta yau, makarantar da ta fi kowace girma a Indiya a zamanin, mai dubban ɗalibai. Ya zauna gaban shugabanta, wani tsoho tukuf mai suna Shilabadra, ya ƙware a harshen Sanskirit da nahawu da manɗiƙi.

Mazhabar da ya je nema ita ce Yogacara, wadda Asanga da ƙanensa Basubandu suka kafa. Masu ita suna koyar da cewa duk abin da mutum ya gani ko ya ji, ta hanyar hankalinsa kaɗai ya san shi, kamar yadda mai mafarki yakan ga gari da mutane alhali duka a zuciyarsa suke. Sun kasa sani kashi 8: gani, ji, sansana, ɗanɗano, taɓawa, tunani, sai na bakwai mai sa mutum ya riƙi kansa wani abu ne. Na takwas sun kamanta shi da rumbu, inda kowane aiki yake barin iri, irin kuwa ya tsiro daga baya. Saboda haka a wurinsu gyaran mutum daga zuciya yake farawa.

Sunansa ya kai kunnen Sarki Harsha, mai mulkin arewacin Indiya, ya tara malamai a Kanauj don muƙabala. Marubutan Sin sun ce an yi kwana 18 ba wanda ya iya ka da shi. Duk da wannan girma ya nemi sallama. Cikin 645 ya shiga Cang'an, babban birnin Sin, wanda yau ake kira Shi'an, da littattafai 657.

Sarki Taizung ya yafe masa laifin fita ba izni, har ya yi masa tayin muƙami. Ya ƙi, ya roƙi wurin aiki da mataimaka kawai. Ya raba musu aiki: shi yana fassarawa, waɗansu suna rubutawa, waɗansu suna gwadawa da asali, waɗansu suna gyara lafazi. Cikin shekara 19 suka fitar da juzu'i 1,335. Da suka zo kan wani littafi mai juzu'i 600, almajiransa suka ba da shawara a taƙaita. Ya fassara shi duka, ya gama cikin 663, ya rasu cikin 664.

Wajen 1200 aka rushe Nalanda, asalin littattafai da yawa suka salwanta, ba su saura ba sai cikin fassararsa. Har wa yau, labarin tafiyarsa da ya gama rubutawa cikin 646, da nisan garuruwa da kwatancinsu, shi ya taimaki masu binciken tarihi a ƙarni na 19 suka gane kufan Nalanda. Ashe kwafin da aka yi da amana yakan maye gurbin asali.

Mu da muke juya takarda daga Turanci zuwa Hausa, ko muke kwafar lissafi, ko muke koyar da yara, ba hamada a tsakaninmu da asalin abin da muke rubutawa. Sau da yawa yana cikin akwatin ofis ko kan teburin babban malami. Kafin mu sa hannu, mu tashi mu duba, gama ba mu san ranar da kwafinmu zai zama shi kaɗai ya saura ba.